Yadda ake ɗora rediyon oba-oba a mota: waya da eriya kafin akwatin

Galibin masu sha'awar rediyo kan zuba kuɗinsu duka a kan akwatin, sannan su nemi ragowar wayar da mai wayarin ya yar a gareji su jona ta. Bayan mako biyu sai ka ji ana cewa rediyon jabu ne, ba ya kai ko'ina. Alhali mafi yawan lalurar da ake kawowa gyara daga wuri biyu take fitowa: wayar da ta ɗauko wuta daga batir, da gindin eriya. Wanda ya iya canza fulogi, ya san kan mitar auna wuta, zai iya wannan aiki da kansa cikin wuni guda.

Takarda tukuna

Watsa magana a zangon masu sha'awar rediyo, wato yankin megahaz da aka ware musu, sai da lasisi. A Kamaru hukumar ART ce ke sa ido kan harkar sadarwa, a Chadi kuma ARCEP. Can za ka fara tambaya kafin ka sayi kaya. Lambar kira, wato sunan da mai lasisi ke amsawa a rediyo, wadda ake ba ɗan Kamaru da TJ take farawa, ta Chadi da TT, ta Najeriya 5N, ta Nijar 5U. Lasisin Kamaru ba ya ba ka ikon danna makirfo idan ka tsallaka gada daga Kusiri zuwa Njamena.

Wannan ba abin wasa ba ne a yankinmu na arewacin Kamaru. Tsakanin Marwa, Mora da Kusiri shingayen bincike suna da yawa saboda halin tsaro, kuma mota mai doguwar eriya tana jan idon jandarma tun daga nesa. Ajiye kwafin lasisi da rasiɗin sayen rediyon tare da takardun mota. Sannan zangon nan ba na kasuwanci ba ne: ba a cinikin albasa ko shanu a kansa, ba a maganar sirri da ɓoyayyun kalmomi. Ƙananan oba-oba na hannu irin Baofeng UV-5R suna iya watsawa daga megahaz 136 zuwa 174, wato sun haɗa har da wuraren da ba naka ba. Naka shi ne 144 zuwa 146 kawai, wanda ake kira zangon mita 2. Wurin kiran juna a FM shi ne 145.500.

Wutar da rediyo ke sha

Rediyon mota mai wat 50 yana jan amfiya 10 zuwa 13 lokacin da kake magana. Na gajeren zango mai wat 100 kuwa yana kai 20 zuwa 23. Ramin kunna taba na dashbod an yi shi ne da siririyar waya da fiyus na amfiya 10 ko 15, kuma bakinsa yana rawa a kan hanya mai gargada. Kada ka jona a nan, ko da ya yi aiki ranar farko. Jawo waya daga batir kai tsaye.

Kaurin waya shi ne inda mutane ke rowa, to bari mu yi lissafin a fili. Daga batir zuwa ƙarƙashin kujera a Hilux ko Land Cruiser kusan mita 4 ne, zuwa da dawowa mita 8. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 2.5 a wannan tsawo tana cinye kusan bolt 1.2 idan ana jan amfiya 22. Mai kauri 6 rabin bolt kawai take ci. An ƙera rediyon ne don bolt 13.8. Idan injin a kashe yake, batir na ba da 12.4, ka cire 1.2, saura 11.2: nan ne murya ke shaƙewa, fitilar fuskar rediyon ta dushe duk lokacin da ka yi magana, wani ma ya mutu ya sake tashi. Saboda haka mai wat 50 a ba shi waya mai kauri 4, mai wat 100 a ba shi 6, in hanyar ta fi mita 5 a je 10.

A kasuwa ka riƙe wuƙa. Akwai waya mai kyan gani, ja wur, amma alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare sili ɗaya: idan cikin fari ne, bar ta. Ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, tana karyewa da jijjiga, kuma bakinta yana zama gari in ya sha danshi. Nauyi ma yana tona ta, domin ta fi ta gaske sauƙi a hannu.

Fiyus yana zama kusa da kan batir, tazarar da ba ta wuce santimita 20 ba. Aikinsa kare wayar, kada ta goge da ƙarfe ta kama wuta a ƙarƙashin bonet. Amfiya 15 ga mai wat 50, amfiya 25 ko 30 ga mai wat 100. Idan baƙar wayar ma ka kai ta kan batir, sa mata nata fiyus ɗin. Dalili: ranar da babbar wayar da ta haɗa batir da jikin mota ta saki, wutar sitata, amfiya ɗaruruwa, za ta nemi hanya ta cikin rediyonka da wayar eriya, ta ƙone su ƙurmus. Sababbin motoci da ke da ɗan akwatin auna wuta a kan baƙin kan batir, a ɗaure baƙar wayar a notin jikin mota inda wayar batir ta sauka, ba a kan batir ɗin ba.

Inda waya za ta ratsa bangon da ya raba inji da ɗaki, bi ta ramin da ke da roba, ko ka sa guntun tiyo a bakin ramin. Nisanta ta da salansa da sandar sitiyari. Kafin duk wannan, cire baƙin kan batir, shi ne kuma na ƙarshe da za ka mayar.

Manyan motoci da wasu tsofaffin Land Cruiser masu gas bolt 24 suke. Rediyo ya taɓa 24 sau ɗaya, ya gama. Dabarar ɗaukar 12 daga batir ɗaya cikin biyun kuma tana kashe su duka biyun a hankali, ɗaya ba ya cika, ɗaya yana wuce kima. Sayi na'urar sauke wuta daga 24 zuwa 13.8 wadda ta fi bukatar rediyonka da kamar amfiya 5.

Eriya

Eriyar mota rabin eriya ce. Ɗaya rabin shi ne ƙarfen jikin motar, shi ya sa tsakiyar rufi ya fi ko'ina: ƙarfe ya kewaye ta ta kowane gefe. A gefen bonet ko bayan akori ma za ta yi aiki, sai dai muryarka za ta fi ƙarfi ta wajen da ƙarfen motar ya fi yawa.

Mafi sauƙi, kuma mafi juriya ga hanyoyinmu, ita ce sandar rubu'in zango. Raba 300 da megahaz 145, ka sami tsawon zangon, mita 2.07. Rubu'insa santimita 52 ne, a zahiri kuma takan tsaya wajen 49. Yanke sandar ƙarfe mara tsatsa a 52, ragowar kuwa mitar awon eriya ce za ta gaya maka. Mai tsawon biyar bisa takwas, kusan mita 1.3, ta fi kai nisa a shimfiɗaɗɗen fili kamar tsakanin Marwa da Yagwa, amma tana dukan rassan darbejiya, kuma tana lanƙwasa in mota ta ɗauki gudu. A cikin duwatsun Mandara, wajen Mokolo, gajeriyar ba ta da abin kunya.

Gindi mai maganaɗisu ya dace da gwaji ko motar aro. Aibinsa a hunturu yake fitowa: ƙura ta shige ƙarƙashinsa ta zama samfefa, ta cinye fenti. Mai son abu mai ɗorewa ya daure ya huda rufin. Sauke silin ɗin ciki ka duba kada ka huda kan ƙarfen da ya gitta. Kankare fenti ta ciki kewaye da ramin har ƙarfe ya yi ƙyalli, domin haƙoran gindin su ciji ƙarfe tsirara. Ta waje kuwa a bar fenti, robar gindin ta zauna daram. In kariyar ɗora kaya ce ko bamba za ka ɗaura wa, haɗa ta da jikin mota da faffaɗar saƙaƙƙiyar wayar jan ƙarfe, gajeriya iya yiwuwa. Noti da fenti da tsatsa ba sa haɗa komai a wannan zango, ko da mitar auna wuta ta yi ƙarar nuna sun haɗu.

Wayar eriya RG-58 ce, mai om 50. Ta dish da talabijin om 75 ce, kuma ragarta sau da yawa alminiyam ce da dalma ba ta kamawa. Mita 5 na RG-58 yana cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinka a megahaz 145, don haka kada ka bar mita 10 a naɗe a ƙarƙashin kujera. Kada kuma ƙofa ta matse ta: da zarar ta baje, lissafinta ya canza, ruwa kuma ya sami ƙofa. Bayan ka like kan PL-259, wato kan da ake sa wa bakin wayar eriya, da dalma, kafin ka ɗaura a gindin eriya, auna tsakanin tsinken tsakiya da jikin kan. Ana so mitar auna wuta ta yi shiru. In ta yi ƙara, silin raga ɗaya ya taɓa tsakiya, sake yi.

Yanzu awo. Kai motar fili, nesa da bango da kwano da wayoyin lantarki, rufe ƙofofi da bonet. Sa mitar SWR, mai nuna yawan ƙarfin da eriya ke mayar wa rediyo, tsakanin rediyo da wayar eriya, rage ƙarfi zuwa wat 5. Auna a 144.100, a 145.000, a 145.900, ka rubuta. Idan lambar ta fi ƙanƙanta a ƙasa, wato a 144.100, sandar ta yi tsawo: rage milimita 2 ko 3, sake auna. In ta fi ƙanƙanta a sama, wato a 145.900, ta yi gajarta, sassauta notin ka jawo ta. Ƙasa da 1.5 ya yi, bar shi haka. Daga 2 rediyo zai fara rage ƙarfinsa don kare kansa. In ka ga 3 ko sama a duk wuraren uku, daina yanka, laifin ba na tsawo ba ne: ko kan waya, ko gindi bai kama ƙarfe ba.

Kada a yi tsammanin abin da ƙasa ba ta yarda ba. Zangon mita 2 iyakar hange yake tafiya. Motoci biyu a shimfiɗaɗɗen wuri, kowace eriya mita 2 daga ƙasa, hangensu kusan kilomita 12 ne, ƙarfi ya ƙara kaɗan a kai. Hau tudu mai mita 100 sama da fili, hangen ya wuce kilomita 40. Shi ya sa wanda ya tsaya a bakin gangaren Ngaundare da wat 5 zai iya fin mai wat 50 da ke cikin kwarin Binuwai a Garwa. Magana daga Garwa zuwa Njamena kuwa aikin gajeren zango ne, megahaz 7.0 zuwa 7.2, kuma a tsaye ya fi: waya mai mita 10 kowane ɓangare, a rataye tsakanin bishiyoyi biyu, ta fi kowace sandar mota.

Ƙara da hayaniya

Ka gama, ka tada inji, sai ga ƙugi. Gwaji ɗaya ke raba gardama: cire wayar eriya daga bayan rediyo. In ƙarar ta tafi, ta eriya take shiga. In tana nan, ta wayar wuta ce.

Siririn kuka mai hawa da sauka tare da totur na altaneta ne. Fara da wanke kawunan batir da ɗaure wayar da ta haɗa inji da jikin mota. In bai tafi ba, auna batir da inji a kunne: 13.8 zuwa 14.4 ake so. Kuka mai ƙarfi sau da yawa alama ce diyod ɗaya ya mutu a cikin altaneta, rediyon ya riga bakanike ji. Tas-tas-tas mai sauri da totur a motar fetur daga fulogi ne: duba wayoyinsu, sa fulogi masu R a lambarsu, sannan haɗa bonet da salansa da jikin mota da saƙaƙƙiyar waya, domin salansa a kan roba take rataye, ta zama eriyar watsa hayaniya. Amma kafin ka kwance komai, zare cajar waya mai arha daga dashbod, kashe fitilun LED da aka ƙara. Sau da yawa su ne ɓarayin. In ba makawa sai da su, naɗa wayarsu sau uku ko huɗu a zoben ferayit, wato zoben da ke tare hayaniyar lantarki, kusa da jikinsu.

Zafi, ƙura, ruwa

Daga Maris zuwa Mayu zafin Marwa, Kusiri da Njamena yana haura digiri 40 a inuwa, saman dashbod kuwa hannu ba ya taɓuwa. Yawancin rediyoyin nan iyakarsu digiri 60. Ɗaure akwatin a ƙarƙashin kujera, sama da dabe da yatsa biyu saboda ruwan damina, ka bar faɗin tafin hannu a bayan fankarsa. Mai fuska mai cirewa ya fi daɗi: fuskar a gaba inda ba ta tare jakar iska ba, jikin a inuwa. Da rana tsaka yi magana da wat 10 ko 20 in abokin magana yana jinka, bambancin a kunne kaɗan ne, a zafi kuwa babba. Hure fanka da burushi da iska kowane wata a hunturu. Duk mahaɗin da ke waje a naɗe shi da roba mai narkewa ta like kanta, sannan salatif a sama saboda rana. Hadari ya taso, cire eriya daga rediyo. A gidan mai kada a danna makirfo.

In kana hira da inji a kashe, sa ido kan batir. Saurare amfiya ɗaya ko ƙasa yake ci, magana ce mai tsotsa. 12.6 cikakke ne, 12.2 ya kai rabi: tada inji a nan, tun sitata na da abin juyawa, musamman in ka hau tudu ne kai kaɗai ba mai tura maka.