Yadda Za Ka Auna Gaskiyar Fim Kan Wariyar Launin Fata a Amurka

Idan za ka kalli fim kan wariyar launin fata a jihohin kudancin ƙasar Amurka, fara da duba ko ya nuna cewa dokokin jihohi ne, waɗanda ake kira Jim Crow, suka raba makarantu, asibitoci, gidajen abinci, har da famfon shan ruwa. Fim ɗin da ya ɗora laifin duka a kan mugun mutum guda ya rage nauyin zaluncin.

Sannan ka lura da wanda aka ba ragamar labarin. Bayan kama Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta bar wa farar fata kujerarta a motar bas, a birnin Montgomery na jihar Alabama ranar 1 ga Disamba 1955, baƙaƙen fata ne da kansu, da yawansu mata masu aikatau, suka ƙaurace wa motocin bas har kwana 381, suna zuwa aiki da ƙafa. Idan fim ya mayar da su 'yan rakiya, ya ɗauko farar fata ya ba shi matsayin mai ceto, to ya tauye musu haƙƙi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Ka kuma binciki inda labarin ya tsaya, domin bayan dokar 1964 da ta haramta wariya a wuraren jama'a, a Maris 1965 jami'an tsaro sun lakaɗa wa masu neman 'yancin zaɓe duka a gadar Edmund Pettus da ke Selma.