Kurakuran da aka fi yi wajen ƙulla yarjejeniyar OTA da sojojin Amurka

Ma'aikatar Tsaron Amurka tana da wata hanyar sayen fasaha da ake kira OTA (Other Transaction Agreement), wadda ba ta bin FAR, kundin ƙa'idojin kwangilar gwamnatin tarayya. Hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ce ta fara samun irin wannan izini a 1958, DARPA, hukumar binciken fasahar soja, ta biyo baya a 1989. Sauri ne amfaninta, kuma garin saurin ne ake tsallake abin da ba ya tsallakuwa.

Kuskure mafi tsada shi ne wucewa ga sayen kaya da yawa alhali ba a kammala samfurin gwaji ba. Doka ta yarda a ba kamfanin da ya ƙera samfuri aikin gaba ba tare da sabuwar takara ba, amma sai an yi takara tun farko, samfurin kuma ya yi nasara. A 2018 an ba kamfanin REAN Cloud aikin da zai iya kai dala miliyan 950, kamfanin Oracle ya kai ƙara ofishin GAO, mai binciken kashe kuɗin gwamnati, ya kuma yi nasara: yarjejeniyar farko ba ta tanadi aikin gaba ba, samfurin ma bai kammala ba. Maganinsa, a rubuta wannan tanadi tun ranar sa hannu, a fayyace abin da za a auna kafin a ce an yi nasara, a kuma ajiye takardar shaidar kammalawa.

Sai batun cancanta. Galibi dole a samu kamfanin da bai saba kwangilar tsaro ba yana taka muhimmiyar rawa, ko kuma wani ɓangare da ba gwamnatin tarayya ba ya biya aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikin. Saka sunan ƙaramin kamfani don cika sharaɗi kawai ba ya isa. A rubuta ainihin aikin da zai yi.

Mallakar fasaha kuwa, a nan gwamnati ke shan wuya. Tanade-tanaden da aka saba gani a kwangila ba sa shiga OTA da kansu. Idan ba a yi cinikin zane, bayanai da manhaja ba, soja zai wayi gari ba mai iya gyara masa na'ura sai wanda ya ƙera ta, a farashin da ya ga dama. Haka ma hanyar sasanta saɓani da soke aiki, sai an rubuta.

Wasu kuma suna ɗauka OTA ta ɗage kowace doka. Dokokin kasafi suna nan daram: ba a kashe abin da majalisa ba ta ware ba.