Ana shan maganin HIV amma ciwo bai daina zuwa ba: inda aka fi kuskurewa

Aikin maganin HIV guda ɗaya ne: ya danne ƙwayar cutar ta daina hayayyafa, don ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4 su samu sararin farfaɗowa. Dannewar kan zo da wuri, galibi cikin wata uku zuwa shida. Garkuwa kuwa sannu-sannu take murmurewa, wani lokaci sai ta ɗauki shekaru. A wannan tsakanin ne cututtukan da ke laɓe suna jiran jiki ya yi rauni suke samun ƙofa, kuma yawancin kurakuran da ake tafkawa daga rashin lura da wannan tazara suke tasowa.

Auna lafiya da ido

Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba kowa magani da zarar an gano yana ɗauke da HIV, ko nawa ne adadin CD4 ɗinsa. Wasu sai suka ɗauka gwajin CD4 ya gama amfani. Bai gama ba. Mutum kan shigo da ƙafarsa, fuska cike, alhali CD4 ɗinsa bai kai 100 ba. Duk babban da adadinsa ya gaza 200 ana lissafa shi cikin waɗanda cutar ta yi nisa a jikinsu, kuma kulawarsa daban ce: a nemi tarin fuka a kakinsa da fitsarinsa, a gwada jininsa don naman gwarin da ake kira kiriftokokus, a ɗora shi kan magungunan rigakafi. Lokuta uku ne gwajin ya wajaba: ranar farawa, ranar da mutum ya dawo bayan ya daɗe da barin magani, da lokacin da aka ga maganin ya daina danne cutar. Na biyun aka fi mantawa da shi. Wanda ya yi wata takwas ba ya shan komai, miƙa masa tsohuwar kwalbarsa a sallame shi ganganci ne.

Watsar da Septrin

Da yawa suna riƙe maganin HIV da muhimmanci, su bar cotrimoxazole, wanda aka fi sani da Septrin, yana tara ƙura, wai ƙari ne kawai. Miligiram 960 sau ɗaya a rana yana kare mutum daga ciwon huhun da ake kira PCP, da toxoplasma mai yin ƙurji a ƙwaƙwalwa, da wasu nau'o'in gudawa, har da zazzaɓin cizon sauro. Likita ne ke yanke lokacin dainawa. Abin da zai sa a tsayar da shi nan take shi ne ƙuraje masu bazuwa tare da zazzaɓi, ko gyambo a baki da jan ido, ko fata ta fara saluɓewa. Wannan ba a kwana da shi a gida.

Tarin fuka, wanda ya fi kowanne kisa

Babu cutar da ta kai tarin fuka hallaka masu HIV, kuma a kansa kuskure ya fi yawa. Na farko shi ne jiran tari ya cika mako biyu, ko sai an ga jini a kaki. Ga mai HIV, tari ko na kwana nawa ne, ko zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ɗaya daga cikin huɗun nan ya isa a yi bincike. Gwajin GeneXpert ya fi duba kaki a madubin likita kama cutar, kuma yana nuna ko tana jin rifampicin, wato babban maganin tarin fuka. Sai dai mai raunin garkuwa sau da yawa ba ya iya fitar da kaki, hoton ƙirjinsa ma kan fito kamar lafiya lau, domin cutar ta tafi ƙululun wuya, ko ciki, ko ƙwaƙwalwa. Nan ne gwajin fitsari na LAM yake da rana. Idan ya nuna akwai, a fara magani. Idan bai nuna ba, bai wanke mutum ba.

Na biyu shi ne ƙin shan rigakafi saboda "ai ba na tari". Rashin tarin shi ne sharaɗin shansa. Wanda aka tabbatar ba shi da tarin fuka mai aiki ana ba shi isoniazid miligiram 300 kullum na wata shida, ko isoniazid da rifapentine sau ɗaya a mako har sau 12. Ana haɗawa da bitamin B6 don hana zugi da mutuwar tafin ƙafa. Idan ido ya koma rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, a dakata a duba hanta.

Na uku ya fi ɓoyuwa, har ma'aikata kan faɗa masa, musamman inda ake karɓar maganin tarin fuka a wani ɗaki, na HIV a wani. Rifampicin yana sa hanta ta riƙa narkar da dolutegravir, ɗaya daga cikin magungunan HIV, da sauri, sai abin da ya rage a jini ya gaza danne cutar. Gyaran mai sauƙi ne: mai shan haɗin TLD, wato ƙwaya ɗaya mai ɗauke da magungunan HIV uku har da dolutegravir, ya ƙara dolutegravir miligiram 50 shi kaɗai bayan awa 12, ya ci gaba da hakan har mako biyu bayan gama rifampicin. Wanda kuma aka gano masa cututtukan biyu lokaci guda, da maganin tarin fuka ake farawa, na HIV ya biyo baya cikin mako biyu. In sanƙarau ne tarin fukan ya haifar, a jinkirta na HIV mako huɗu zuwa takwas.

Ciwon kan da ake ta danna wa paracetamol

Sanƙarau na kiriftokokus ba ya zuwa da hayaniya. Ciwon kai ne da ke ƙaruwa kwana bayan kwana, wani lokaci ba zazzaɓi, ba sanƙarewar wuya. Daga baya sai amai, gani biyu-biyu, ruɗewa. Kafin a kai nan an sha paracetamol da maganin zazzaɓin sauro har an gaji. Mai CD4 ƙasa da 200 da ciwon kai ya ƙi sakinsa yana buƙatar gwajin CrAg, wato gwajin jinin da ke gano kiriftokokus, in ya nuna akwai, a ɗebi ruwan ƙashin baya. 'Yan uwa kan ƙi yarda da wannan allura don tsoron shanyewa, alhali ita ce ke rage matsin ruwan da ke danne ƙwaƙwalwa, kuma akan maimaita ta don ceton rai da gani.

Fluconazole, maganin naman gwari, shi kaɗai ba ya isa idan cutar ta riga ta shiga ƙwaƙwalwa. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a 2022 shi ne amphotericin B nau'in liposomal sau ɗaya tak ta jijiya, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki, tare da flucytosine da fluconazole na kwana 14. Daga nan fluconazole miligiram 800 kullum na mako takwas, sannan 200 kullum na aƙalla shekara guda. A wannan zangon na ƙarshe ake yawan sakaci, ciwon ya dawo. Gaggawar fara maganin HIV a nan ma kuskure ce mai kisa: sai an jira mako huɗu zuwa shida.

"Maganin ne ya ƙara mini ciwo"

Wani kan fara magani, bayan 'yan makonni zazzaɓi ya taso, ƙululun wuya su kumbura, tari ya tsananta. Sai ya jefar da kwalbar. Abin da ya faru, garkuwar da ta farka ce ta tarar da cutar da ta daɗe a ɓoye ta far mata. Likitoci na kiran wannan IRIS, kuma an fi ganinsa cikin wata uku na farko ga wanda ya fara da CD4 ƙasa sosai. Ana neman cutar a yi mata magani, wani lokaci a ƙara prednisolone mai rage kumburi, maganin HIV kuma a ci gaba da shi sai in likita ya ce a tsaya.

Ƙwayar magani tana shiga, amma ba ta aiki

Sabuwar cuta irin waɗannan bayan wata shida ana shan magani tambaya ce: shin cutar a danne take kuwa? Gwajin yawan ƙwayar cuta a jini ke amsawa, a wata na shida, na 12, sannan duk shekara. Idan ya haura 1,000, a binciki yadda ake shan maganin, a sake gwaji bayan wata uku kafin a yi maganar canji. A tambayi abin da ake haɗawa da shi. Maganin ƙwannafi, da na ƙarin jini, da kalsiyam suna kama dolutegravir a hanji su hana shi shiga jini, don haka a sha shi awa biyu kafin su ko awa shida bayansu. Carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya su ma suna rage ƙarfinsa.

Akwai alamomi uku da ake rainawa. Farin abu a harshe tare da zafin haɗiya na nufin naman gwari ya sauka maƙoshi, maganin kurkure baki ba ya kaiwa can, sai fluconazole na mako biyu zuwa uku. Ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki, waɗanda ƙwayar ƙarambau ke tayarwa, aciclovir ya fi yi musu aiki cikin awa 72 na farko, miligiram 800 sau biyar a rana na kwana bakwai. Ɗigo-ɗigo masu yawo a ido ko dishi-dishi ga mai CD4 ƙasa da 50 kuwa, likitan ido ya gan shi cikin kwanaki kaɗan, domin yana iya zama aikin ƙwayar cutar da ake kira CMV, kuma ɓangaren idon da ta cinye ba ya dawowa.