Yadda na ɗaga kejin ɓerayen Masar sama, bayana ya huta

Autata ce ta jawo mana wannan kiwon. Ta dawo daga gidan ƙawarta rungume da kwali mai huji-huji, ciki da ɓeran Masar guda biyu, duka mata, ta ce, "Umma, wallahi ni zan riƙa kula da su." Ba a yi wata uku ba ta tafi makarantar kwana, kiwo ya dawo wuyana. Ni kuwa na haura shekara ashirin a kan keken ɗinki, kwankwasona ya riga ya gaji, akwai ranakun da sallah ma a zaune nake yin ta. Kejin yana ƙasa a lungun falo. Wata safiya na sunkuya zan ciro kwanon ruwansu, sai na ji wani abu ya tsarga min tun daga ƙugu har cikin ƙafa, da ƙyar na dafa bango na miƙe. Kwana huɗu na yi a kwance.

Kowa ya ce in bayar da su. Na ƙi, don na riga na saba da kukan da suke yi da sun ji motsin leda a kicin. Abin da na gane ina kwance shi ne dabbobin ba su da laifi, wanda ya fi girma a cikinsu bai wuce kilo ɗaya da ɗan wani abu ba. Sunkuyon ne matsalar: safe da yamma, a zuba ciyawa, a canza ruwa, a kwashe kashi, a ɗauko wannan, a mayar da wancan. To, ga yadda na yi, ko wani mai irin lalurata zai amfana.

Kafin ka je wurin kafinta, jikinka za ka fara aunawa. Tsaya a miƙe da takalmin da kake yawo da shi a gida, ka saki hannuwanka, ka sa a auna daga ƙasa zuwa wuyan hannunka. A nan ko ɗan sama da nan ya kamata daɓen kejin ya tsaya. Nawa ya kama santimita 75, wato kusan tsayin teburin cin abinci. Sai ka tuna akwai bangon keji a kan wannan tsayin. Idan bangon ya kai santimita 30 zuwa 35, bakinsa zai zo maka wajen cibiya, kuma ta samansa za ka riƙa zura hannu. In ka ɗaga teburin ya wuce kima, ka raba kanka da ciwon baya ka sayi ciwon kafaɗa. Wanda tsayuwa ke wahalar da shi, a zaune zai yi awon, a kan kujerar da zai riƙa aiki da ita, a bar masa wurin da gwiwoyinsa za su shige ƙarƙashin teburin.

Awo na biyu shi ne wanda na yi kuskure a kansa da farko. Faɗin kejin, daga gabanka zuwa bango, kada ya wuce inda hannunka ke kaiwa ba tare da ka ranƙwafa ba. Ni santimita 60 zuwa 65 ne iyakata. Na farkon da aka yi min ya kai 80, don na ɗauka yalwa ce nake yi musu. Su kuma ɓerayen Masar can ƙuryar da ta fi nisa suke zaɓa su yi fitsari, sai na koma ina miƙa jiki ina kwanciya a kan bakin keji da tsumma a hannu, wanda ya fi sunkuyon ma illa. Yalwar da za ka ba su, ka ba su ita a tsawo. Mafi ƙarancin abin da ake shawarta wa guda biyu shi ne santimita 120 da 60, amma in ɗaki zai ɗauka a kai shi 150. Dabbobi ne masu son gudu a fili, kuma ba a ajiye guda ɗaya tilo; a ƙasar Suwizalan tun 2008 doka ta hana a ajiye shi shi kaɗai. Sai dai ka tabbatar jinsinsu ɗaya, in ba haka ba cikin wata biyu da 'yan kwanaki za ka wayi gari da 'ya'ya, aiki ya ninku.

Kejin nan mai hawa biyu ko uku da ake tallatawa a intanet, kada ya ruɗe ka. Hawan ƙasa zai mayar da kai tsugunno, na sama ya sa ka ɗage. Su kansu ba gwanayen hawa ba ne.

Da na kai wa kafinta zanen, ya duba ya ce, "Hajiya, ai raga za mu sa a ƙasa kamar na zomaye, kashin ya riƙa zubowa, kin huta da shara." Na ce a'a, Malam. Tafin ƙafar ɓeran Masar ba shi da gashin da ke kare na zomo, waya tana cin sa har ya kumbura ya yi gyambo, wani lokaci ƙafar ta maƙale ta karye. Daɓen ya zama shafaffe: katako mai kauri, a shimfiɗa ledar ɗaki a kai, a naɗo gefenta sama kamar santimita 10 zuwa 15 don fitsari kada ya ratsa katakon. Raga a bango kawai, mai ƙananan ido, yadda kan ɗan ƙarami ba zai shiga ba.

Dabarar da ta fi komai yi min amfani ita ce ƙofar gaba. Na sa an raba bangon gaba biyu, kowane ɓangare da fatar ƙarfe irin ta ƙofa a ƙasa da sakata a sama, yana buɗewa ya kwanto waje. In zan yi shara sai in kora su ɓangare guda, in tare da ɗan allo, in buɗe ɗaya ɓangaren in sharo komai kai tsaye cikin bokitin da na ɗora a kan kujera. Babu ɗagawa, babu murɗa ƙugu. Amma fa a kula: ɓeran Masar ba ya iya auna nisan ƙasa sosai, kuma faɗowa daga tsayin tebur na iya karya masa baya. Don haka a bar ɗan shingen katako mai tsayin tafin hannu a bakin ƙofar, kuma kada ka juya baya ƙofa na buɗe, ko da sallama aka yi.

Ƙafafun teburin su zama shida in tsawon ya kai 150, da katakon da ya ɗaure su ta ƙasa. Ka jijjiga shi tun a shagon kafinta, in ya yi rawa kada ka karɓa. Na sa wa nawa tayoyi masu birki don in janye shi in share bayansa. In akwai kyanwa a gida, ko ɓerayen gida na shigowa, sai an yi murfi, amma na raga mara nauyi, a raba shi biyu shi ma yadda hannu ɗaya zai ɗaga. Lokacin damina da kiyashi suka dame mu, gwangwani na sa a ƙarƙashin kowace ƙafa da ɗan ruwa.

Wurin da ya rage a ƙarƙashin teburin tarko ne. Ido na ganin fili sai ya ce a zuba buhun ciyawa da abinci a nan, shi ke nan ka koma gidan jiya. Abin da kake taɓawa kullum, ciyawa da 'yar tsintsiya da abin kwasar shara, a kanta ko a ƙusa za su zauna, daidai ƙirji. Ƙasa kuma a bar wa abin da sai wata-wata ake nema, yara su miƙo.

Shimfiɗa ma da ruwan bayanka a ciki. Da askin katako na fara, wanda ake samu wurin masu fere katako, ba garin zarto ba, don ƙurarsa na shiga musu hanci. Yana tsotse fitsari, sai dai in ya jiƙe nauyi gare shi. Yanzu tsofaffin tawul nake shimfiɗawa, in rufe da bargo mai laushi. Da yake ɗinki sana'ata ce, na yanka su gida uku maimakon falle ɗaya babba. Wanda ya jiƙe shi kaɗai nake cirewa, in kakkaɓe, in wanke a tsaye da bahon a kan benci. Kashin kuwa safe da yamma nake kwashewa, minti biyar ya isa. Ranar Asabar in goge ledar da ruwan khal, wato binega, da aka sirka da ruwa, shi ke cire farin tabon da fitsarinsu ke bari.

Wajen ɗaukarsu, matso har cikinka ya taɓa bakin keji, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗaya ya tallabe gindinsa, ka manna shi a jikinka, sannan ka juya da ƙafafunka gaba ɗaya. In ya gudu kada ka bi shi da hannu kana karkacewa. Ni ɗan kwali nake ajiyewa da yankan tattasai a ciki, da kansa yake shiga, in ɗauke su tare. Tattasan ma ba don zaƙin baki ba ne: jikinsu ba ya iya haɗa bitamin C, kamar dai namu, sai daga abinci, shi ya sa nake ba su shi kullum, wani lokaci da ɗan gwaba. Ciyawa kuwa kada ta yanke, haƙoransu ba sa daina tsiro, ita ke goge su.

Abu ɗaya na rasa da na ɗaga kejin, shi ne sanyin siminti. Sunan Masar ɗin nan laƙabi ne kawai, asalinsu tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, inda ake kiwonsu don nama. Yanayin da ya fi musu daɗi tsakanin digiri 18 ne zuwa 24, in ya doshi 30 suna iya galabaita har su mutu. Ka kwatanta da zafin Zariya a watan Afrilu, a ɗaki mai rufin kwano, ga wuta an ɗauke. Sai na janye kejin zuwa ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga mai rana, na sa musu fallen tayil biyu su kwanta a kai, da gorar ruwan sanyi naɗe cikin tsumma. Da hunturu kuma in kauda shi daga bakin ƙofa saboda iska da ƙura. A nan ne tayoyin suka biya kuɗinsu.

Da autar ta dawo hutu ta tarar da kejin ya kai mata ƙirji, ta ce, "Umma, yanzu ni ce ba na kaiwa ƙuryar." Na nuna mata kujera 'yar tsugunno a bayan ƙofa, na miƙa mata tsintsiya.