Yadda Ake Haɗa Markaɗaɗɗen 'Ya'yan Itatuwa Mai Ƙanƙara a Lokacin Zafi

Mafi yawan masu haɗa sumuti, wato markaɗaɗɗen 'ya'yan itatuwan da ake sha da sanyinsa, sukan yayyanka kayansu su zuba a blanda, sannan su cika da ƙanƙara domin ya yi sanyi. Abin da ake samu ta wannan hanya yakan yi daɗi a kurɓin farko, amma kafin a kai rabin kofi ƙanƙarar ta narke, ruwa ya kwanta a ƙasa, kumfa ta taso sama, ɗanɗanon kuma ya salance. Hanyar da ta fi wannan ita ce a daskarar da 'ya'yan itatuwan kansu, su tsaya a matsayin ƙanƙarar, domin idan suka narke ruwansu ne zai fito, da zaƙinsa da ƙamshinsa. Saboda haka yawancin aikin ana yin sa ne tun jiya, a wajen zaɓe da yanka da sakawa a firiza, markaɗen kansa kuwa bai wuce minti ɗaya ba.

Abu na farko shi ne a zaɓi waɗanda suka nuna sosai. Firiza ba ta ƙarasa nunar da komai, abin da ya shiga da tsami haka zai fito da tsaminsa. Bugu da ƙari, sanyi yana rage yadda harshe ke jin zaƙi, shi ya sa mangwaron da ake jin zaƙinsa daidai wa daida a hannu yakan zama lami idan ya daskare. Ayabar da ɓawonta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, wadda wasu ke ganin ta wuce lokacinta, ita ce ta fi dacewa, domin a lokacin sitacin da ke cikinta ya riga ya koma sukari. A ganina ayaba ce ginshiƙin wannan haɗi, saboda ita ke ba shi kauri da santsi irin na askirim ba tare da an sa masa wani mai ba. Wanda ba ya son ayaba zai iya maye gurbinta da mangwaro marar zare ko rabin fiya. Abarba tana kawo ɗan tsamin da ke farfaɗo da ɗanɗano, gwanda tana kawo laushi. Kankana kuwa kusan kashi 92 cikin ɗari na nauyinta ruwa ne, don haka idan aka daskarar da ita ita kaɗai sai ta yi garas-garas, dole ne a haɗa ta da wani abu mai tsoka.

Kafin wuƙa ta taɓa komai, a wanke 'ya'yan itatuwan da ruwa mai tsabta, har da masu kaurin ɓawo irin su kankana da abarba, domin wuƙar da ta ratsa ɓawo mai datti tana kai dattin cikin tsokar. Wannan mataki ba na wasa ba ne, saboda sanyin firiza ba ya kashe ƙwayoyin cuta, dakatar da yaɗuwarsu kawai yake yi, kuma sumuti abu ne da ba a ɗora shi a wuta. Bayan wanki a tsane su da tsumma mai tsabta, sannan a fere. Ayaba dole a ɓare ta kafin a saka ta a firiza, domin ɓawon da ya daskare yana manne wa tsokar ya ƙi fita. A cire ƙwallon mangwaro, da 'ya'yan kankana, da ƙashin tsakiyar abarba, a kuma kwashe 'ya'yan gwanda tas, domin suna da yaji da ɗaci. Lemun zaƙi ya fi kyau a matse ruwansa a zuba a farantin ƙanƙara, domin farin bayansa da 'ya'yansa suna sa ɗaci idan aka markaɗa su.

A yayyanka komai ƙanana, kamar tsawon santimita 2 zuwa 3. Daga nan a shimfiɗa takardar gasa burodi ko leda mai tsabta a kan tire, a jera yankakken kayan ɗaya bayan ɗaya yadda ba za su taɓa juna ba, a saka a firiza na tsawon awa 2 zuwa 4 har su yi tauri. Sai bayan haka ne za a kwashe su a zuba a leda mai zif ko roba mai murfi. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki don gudun wahala, su tura komai a leda ɗaya tun yana jiƙe, washegari su tarar da dunƙule guda wanda blanda ba za ta iya fasawa ba. Akwai kuma wani dalili na biyu. Ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, kuma idan daskarewar ta ɗauki lokaci mai tsawo, manyan ƙwayoyin ƙanƙara ne ke fitowa su yayyaga tsokar daga ciki. Ƙananan yanka da aka baje a kan tire suna daskarewa da sauri, ƙwayoyin ƙanƙarar su zama ƙanana, abin shan kuma ya fito sumul. A matse iskar da ke cikin ledar kafin a rufe, domin iska ce ke busar da saman kayan ta kuma sa su ɗauki warin firiza. Ayaba da tuffa sukan yi duhu idan iska ta taɓa su, amma yayyafa musu ɗan ruwan lemun tsami yana rage hakan. Sanyin da ake bukata a firiza shi ne digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kuma yana da kyau a rubuta kwanan wata a jikin ledar, domin ayaba ta fi daɗi idan aka yi amfani da ita cikin wata biyu zuwa uku.

Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne kashi biyu na daskararrun 'ya'yan itatuwa, kashi ɗaya na ruwa-ruwa. Domin mutum biyu, ana iya ɗaukar babbar ayaba ɗaya, da mangwaro kofi ɗaya, da abarba rabin kofi, sannan kofi ɗaya, wato kimanin mililita 250, na madara ko yogot marar sukari ko ruwan kwakwa. Tsarin zubawa yana da muhimmanci: ruwa-ruwan ne zai fara shiga domin wuƙaƙen blandar su sami abin juyawa, sai abubuwa masu laushi, daskararrun kuma su zo a sama. Idan blandar irin wadda ake kifa kofinta ce a kan injin, sai a juya tsarin, daskararrun su fara shiga. Idan injin ba mai ƙarfi ba ne, a bar kayan su sha iska na minti biyar bayan an fito da su. A fara da dannawa ana saki sau da yawa har manyan yankan su farfashe, sannan a kunna a hankali, a ƙara gudu zuwa ƙarshe. Daƙiƙa 45 zuwa 60 sun isa, domin dogon markaɗe yana ɗumama haɗin ya tsinka shi. Idan wuƙaƙen suka riƙa juyawa a banza, a kashe blandar, a zare filoginta, a motsa da cokali, a ƙara ruwa cokali biyu kacal a sake gwadawa. Sauƙi ne a tsinka abin da ya yi kauri, amma wanda ya tsinke sai an ƙara masa daskararrun kaya kafin ya dawo daidai.

Akwai abin lura game da haɗa madara da abarba ko gwanda ko kiwi. Waɗannan ukun suna ɗauke da sinadaran da ke narkar da furotin, na abarba ana kiran sa buromelin, na gwanda kuma fafen, kuma daskarewa ba ta lalata su. Idan haɗin ya daɗe a ajiye, sinadaran sukan farfasa furotin ɗin madarar har ya fara ɗaci. Wannan ba guba ba ne, amma yana ɓata ɗanɗano, don haka irin wannan haɗi a sha shi nan take, ko kuma a yi amfani da ruwan kwakwa a madadin madara.

Kada a sa sukari sai an ɗanɗana. Sau da yawa abin da haɗin ya rasa ɗan tsami ne, kuma matsa rabin lemun tsami da ɗan gishiri kaɗan yakan fito da zaƙin da ke ɓoye. Idan har ana bukatar ƙari, dabino biyu da aka cire ƙwallonsu aka jiƙa a ruwan ɗumi na minti goma sun wadatar. Zuma ma tana yi, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya zuma, saboda haɗarin wata cuta mai shanye jijiyoyi da ƙwayoyin da ke cikinta kan haifar wa jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci, haɗe da na zuma da na ruwan 'ya'yan itatuwa, ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kimanin giram 50 ga baligi. Yana da sauƙi a shanye 'ya'yan itatuwa uku a kofi ɗaya, alhali da tauna su ake yi da ba a iya cinye su ba, don haka mai ciwon sukari ya rage yawan da yake sha, ya kuma nemi shawarar likitansa. Domin ƙamshi, ɗan yankin ɗanyar citta ko ganyen na'a-na'a huɗu zuwa biyar suna dacewa ƙwarai da zafin rana.

A saka kofunan a firiza na minti goma kafin a zuba, hakan yana jinkirta narkewa. A kuma sha a hankali, domin abu mai tsananin sanyi idan ya bugi rufin baki da sauri yana jawo sarawar kai na ɗan lokaci, wanda danna harshe a wurin yakan sauƙaƙa. Haɗin da ke da madara kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin ya haura digiri 32, awa ɗaya ce iyakarsa. Ragowar a zuba ta a farantin ƙanƙara, gobe a sake markaɗa ta da ɗan ruwa. Idan wutar lantarki ta ɗauke, kada a riƙa buɗe firiza, domin wadda take cike tana iya riƙe sanyinta har kusan awa 48, wadda ke rabi kuma awa 24. Kayan da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsu ana iya mayar da su, waɗanda suka narke gaba ɗaya suka ɗumama ko suka canza wari kuwa sai a zubar.

Blandar kuma a wanke ta nan take kafin ragowar ta bushe a ƙarƙashin wuƙaƙen: a zuba ruwan ɗumi zuwa rabi, a ɗiga sabulun wanke-wanke, a kunna na daƙiƙa 30, a ɗauraye sosai, sannan a kife ta ta bushe ba tare da murfi ba.