Yadda ake bin sawun kalmar da ba a rubuta ta ba: misalin *fehu

Harshen da ya haifi Jamusanci da Turanci da harsunan Sikandinebiya bai bar littafi ko ɗaya ba. Masana ne suka farfaɗo da kalmominsa ta hanyar kwatance, shi ya sa suke sa tauraro a gaban kowace. Bari mu ɗauki *fehu mu ga yadda aka same ta.

Da farko ka tattaro 'ya'yan kalmar, kuma tsofaffi za ka nema. A fassarar Baibul da wani bishop mai suna Wulfila ya yi a ƙarni na 4 zuwa harshen Got, wani ɗan dangin da ya riga ya mutu, akwai faihu. Tsohon Turanci yana da feoh, tsohon harshen mutanen Nowe da Aisilan yana da fé, tsohon Jamusanci kuwa fihu, wadda ta zama Vieh a yau.

Na biyu, kada rubutu ya ruɗe ka. Wannan "ai" ɗin na faihu gajeren "e" ne a baki, V ɗin Vieh kuma "f" ake furta shi.

Sai ka jera su ka nemi siga ɗaya da za ta iya haifar da dukansu. Got da tsohon Jamusanci sun riƙe "u" na ƙarshe, fé kuwa ta yar da "h" ta ja wasali. Ka ga *fehu ta fito.

Yanzu leƙa maƙwabta, wato harsunan da ke da dangantaka ta nesa da waɗannan, kuma a nan aikin yake da daɗi. Latin na da pecu, Sanskirit, tsohon harshen Indiya, na da paśu. Rasmus Rask a 1818 da Jacob Grimm a 1822 sun nuna cewa tsohon "p" ya koma "f" a dangin Jamusanci, "k" kuma ya koma "h". Kama ɗaya ba hujja ba ce, don haka gwada da wasu kalmomin Latin da Turanci: pater da father, piscis da fish, cornu da horn. Da yake ƙa'idar ta tsaya, an kai ga tushen kalmar a Indo-Turai, kakan dukan waɗannan harsuna: *péḱu.

Ma'ana ce ta ƙarshe, ni kuma ita na fi so. Vieh dabbobin kiwo ne, faihu dukiya ce, feoh da fé sun haɗa duka biyun, kuma daga pecu, wato dabbobin kiwo, Latin ta sami pecunia, wato kuɗi. Wanda ya taɓa jin makiyayi ya nuna garkensa ya ce "ga dukiyata" ba sai an yi masa dogon bayani a nan ba.