Yadda Na Tayar da Mataccen Jirgin Ruwa a Tsakar Gidana a Ɗorayi

Ranar da babbar mota ta sauke min shi a ƙofar gida, yaran unguwa suka yi cincirindo, wani maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Alhaji, ruwan Ɗufana kake jira ne?" Uwargida kuwa ba ta ce uffan ba sai da aka kwana biyu, sannan ta raɗa wa jirgin suna Amarya, wai tunda shi zai riƙa cinye kuɗin cefane. Ba ta yi ƙarya ba.

Jirgi ne na faiba, wato yadin zaren gilashi da aka daskarar da gam, tsawonsa mita 6, da ɗan ɗaki a gaba wanda mutum biyu za su iya kishingiɗa, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 rataye a baya. A bayan wani tsohon masauki na tsince shi, ya shekara da shekaru yana shan rana, har kaji sun mayar da shi akurki. Shekara uku da 'yan watanni na yi kafin ya taɓa ruwa. Mai sha'awar irin wannan wahala, ga yadda na bi, har da inda na yi tuntuɓe.

Kafin ka biya ko sisi, je da ƙaramar guduma. Kada fenti ya ruɗe ka, kada kuma datti ya kore ka. Bi jikin jirgin kana ƙwanƙwasawa a hankali, taƙi bayan taƙi. Inda yake da lafiya za ka ji ƙara mai kaifi, inda ruwa ya shiga kuwa sai ka ji wani dum-dum kamar ka bugi kabewa. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne bangon baya, inda ake rataya inji. A irin waɗannan jiragen katako ne a ciki aka lulluɓe da faiba, kuma ruwa yana bin ramukan noti ya ruɓar da shi ba tare da an gani daga waje ba. Kama ƙafar injin ka jijjiga da ƙarfi. In bangon ya motsa, katakon ya mutu. Nawa ya motsa, na saya duk da haka, amma sai da na sa aka rage kuɗin sosai.

Da ka kawo shi gida, ɗora shi a kan tayoyi ko gungumen katako, gaba ya fi baya tudu, ka cire toshiyar da ke ƙasan bangon baya domin duk ruwan da ya shiga ya fita. Yi masa rumfa, ko da ta tamfol ce. Sannan ka kwashe komai: kujeru, waya, tankin mai, daɓen ƙasa. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance kowane abu, ka zuba notuna a gwangwanayen madara ka rubuta inda suka fito. Bayan shekara biyu ba za ka tuna ba, ko da kana ganin kanka mai kaifin ƙwaƙwalwa ne.

Abin da na fi so a ɗauka daga wajena shi ne wannan: a Kano ba kai ke tsara aikin ba, yanayi ne. Ni da farko na ƙi yarda, na sha kashi.

Hunturu na busarwa ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskarmu ba ta da laima sai 'yar kaɗan, kuma abin da masu jirage a bakin teku ke kashe kuɗi su samu, mu kyauta Allah Ya ba mu. Yanke fatar faiba ta cikin bangon baya, ka ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon har ka iske fatar waje, ka bar shi a buɗe hunturu guda cur. Kada ka yi gaggawar rufewa. Faibar da aka liƙa a kan danshi ba ta kamawa.

Aikin faiba kuma a bazara ya same ni, nan ne na yi asarar farko. Rezin, wato gam ɗin da ake jiƙa yadin faiba da shi, ba ya daskarewa sai an ɗiga masa sinadarin da masu sayarwa ke kira hadina, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Ni kuwa na kwaɓa lita guda da azahar a watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40. Kafin in shafa rabi ya dunƙule a roba, ya ɗau zafi har yana hayaƙi. Tun daga ranar sai bayan sallar asuba nake aiki, in tsaya da hantsi. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, kamar kofin shayi, a faffaɗan mazubi, kuma a zafinmu tsaya a kashi 1, wato mililita 10 a lita. Sirinji ya fi ido iya awo.

In rami ko tsaga za ka toshe, kada ka manna faci a sama kamar na taya. Sa giranda ka zaftare gefen ramin ya yi gangare, faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin sau 12. In kaurin milimita 5 ne, gangaren ya kai santimita 6 ta kowane gefe. Goge da asiton, sinadarin da ke cire maiƙo, ka jera yadin faiba ɗaya bisa ɗaya, kana dannawa da burushi har farin ya ɓace, babu kumfar iska. Sa takunkumi na ƙwarai da tabarau da riga mai dogon hannu. Ƙurar faiba ta fi ƙaiƙayin gero, kuma illa ce ga huhu. Yara su yi nesa.

Wajen katako, na zaga 'Yan Katako na Na'ibawa ina neman filawud ɗin da aka yi domin ruwa. Kowa ka tambaya zai ce nasa ne. Ga gwajin da wani tsohon kafinta ya koya min: yanki ɗan guntu ka tafasa a tukunya na awa biyu. In ya ɓare falle-falle, bar musu kayansu. Wanda ya tsira, shafe shi da rezin ta ko'ina, musamman gefuna, kafin ka saka. Duk ramin da ka huda daga baya, cika shi da gam mai hana ruwa shiga kafin noti ya shiga. Notunan kuma su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Je Ƙofar Ruwa da maganaɗisu a aljihu: wanda ya manne da ƙarfi, ajiye shi.

Damina ta inji ce da waya, a ƙarƙashin rumfa. Bakaniken jirgin ruwa ba shi da yawa a garin nan, amma injin irin nawa ɗan'uwan tsofaffin babura ne masu shan mai haɗe da baƙin mai, don haka na samu wani dattijon bakaniken babur muka zauna tare. Abu na farko da ya yi, ya cire fulogai ya zuba ɗan mai a ciki, muka bar shi kwana uku kafin mu juya shi da hannu. Sannan aka auna matsin silinda biyun. In tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kashi 10 cikin ɗari ba, injin ya cancanci a kashe masa kuɗi. Aka wanke kafireto, aka sauya tiyon mai. Da muka kwance man giya na ƙasa sai ya fito fari kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa na shiga, dole aka sauya robobin bayan farfela.

Sai dai akwai inda jirgi ya bambanta da babur, kuma nan bakanikenka zai iya kashe maka inji da kyakkyawar niyya. Ruwa ne ke sanyaya shi, wata 'yar farfelar roba ce a ƙafar injin ke zuƙo ruwan. In aka tayar da shi a bushe, cikin ƙasa da minti guda robar ta ƙone. "Bari mu ɗan ji kukansa, Alhaji," in ji shi. Na ce, "Baba, sai an cika duro." A cikin duron ruwa ake tayar da shi, ka kuma zuba ido ka ga siririn ruwa yana tsartuwa ta baya. In bai fito ba, kashe nan take. Robar nan sauya ta ko da ta yi kama da sabuwa, na aika Legas aka kawo min biyu. Haɗin mai kuwa 50 da 1 ne: lita 25 na fetur, rabin lita na baƙin man da aka yi domin injin ruwa.

Waya ba ta da wani surƙulle. Zare tsohuwar gaba ɗaya, sa sabuwa, fis kusa da batir, batir a akwati a ɗaure, da famfon kwashe ruwa a ƙasan jirgi.

Fenti shi ne ƙarshe, duk da shi zuciya ke so tun farko. Lokacinsa ɗan tsakanin nan ne na kaka, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko ba. Na yi gangancin shafa hannun farko a Janairu, ya bushe kamar samfefa, sai da na kankare. Yayyafa ruwa a tsakar gida kafin ka fara.

Ranar gwaji Tiga muka nufa, ta hanyar Zariya, tafiyar kimanin kilomita 70. Madatsar da aka kammala a 1974 ce, tana ƙarƙashin hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, saboda haka nemi izini tukuna, ka kuma bincika batun rajista wajen hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida. Ka gaisa da masunta, su suka san inda kututture yake da inda suka shimfiɗa raga. Awa guda muka bar jirgin a ɗaure a bakin gaɓa ina leƙa ƙasansa da tocila ina neman yoyo, kafin a taɓa inji.

Rigar ceto kuwa ba na ciniki a kanta. Duk Bakano ya tuna abin da ya faru a Bagwai a Nuwamban 2021, lokacin da jirgin da aka cika maƙil ya kife a madatsar Watari da yara 'yan Islamiyya. Allah Ya ji ƙansu. Nawa mutum biyar yake ɗauka, riguna biyar na saya, na shida ya jira a tudu ko wane ne shi.

Uwargida ce ta fara shiga, da kwandon abincinta. Muna tsakiyar ruwa ta shafa kujerar da na ɗinka da hannuna, ta ce, "Alhaji, wannan soson ya yi tauri." Shi ne aikin da ke gabana a damina mai zuwa, tare da gilashin gaba da har yanzu ban samu mai yanka min shi daidai ba.